Sayen tsohon babur a Birtaniya: tarihin MOT, binciken da ake biya, takardun mai shi, ko idon bakanike?

Tsohon babur a hoton talla kullum ango ne. An wanke shi, an goge tanki yana ɗaukar ido, a ƙasa kuma an rubuta cewa yana da MOT na wata 12. Daga nan ne mai saye ke shiga tsaka mai wuya. Wani zai ce masa duba tarihin MOT a intanet ya isa, tunda kyauta ne kuma na gwamnati ne. Wani ya ce sai ya biya kamfani ya bincika masa. Na uku ya ce duk ɓata lokaci ne, ya ɗauki bakanike su je tare. Kowanne yana da gaskiyarsa, amma ba tambaya ɗaya suke amsawa ba, kuma wanda bai gane haka ba yana iya biyan kuɗi a kan amsar da bai nema ba.

Ga wanda bai saba ba, MOT shi ne gwajin lafiyar abin hawa na shekara-shekara a Birtaniya. A Ingila da Sikotilan da Wales babur yana fara zuwa gwajin ne idan ya cika shekara 3, a Ireland ta Arewa kuma sai ya cika 4. Hawa kan titi babu shi na iya jawo tara har fam 1,000.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Da ma'auni huɗu zan auna kowace hanyar binciken. Na farko kuɗi. Na biyu sauƙi, wato ko za ka iya yi daga ɗakinka ko sai mai babur ya ba ka haɗin kai. Na uku shi ne ƙarkon shaida, kuma a kan wannan na fi tsayawa: shin abin da ka gani yana ba da labarin shekaru ne ko na yini ɗaya, kuma mai sayarwa zai iya taɓa shi ya canza? Na huɗu haɗari, ma'ana abin da hanyar ba ta gani, wanda zai iya tashi da kai bayan ka biya.

Hanya ta farko: tarihin MOT na kyauta

A shafin gwamnati na GOV.UK, lambar babur kaɗai za ka saka. Zai fito maka da gwaje-gwajen da aka yi a Ingila da Sikotilan da Wales tun daga 2005, na Ireland ta Arewa kuma tun daga 2017: ranar, ya ci ko ya faɗi, mil nawa agogo ya nuna, abin da ya kayar da shi, da shawarwarin da mai gwaji ya rubuta. Ba ka biyan ko kwabo, ba ka buƙatar izinin mai shi, kuma ba zai iya goge komai a ciki ba. Idan kana son sanin garejin da aka yi kowane gwaji, sai ka sami lamba mai alƙaluma 11 da ke kan takardar rajista, wato V5C, wadda ke hannun mai shi.

Matsalar ita ce yawancin mutane layin sama kawai suke karantawa. Sun ga ya ci, sun rufe. Alhali daɗin wannan tarihi yana cikin karanta shi daga ƙasa zuwa sama, kamar yadda ake bin labari.

Fara da mil. A ce ka ga 2015 mil 21,300, 2016 mil 23,900, 2017 mil 26,100, sai kuma 2019 mil 11,800. Ruwa ba ya tsami banza. Ko dai an mayar da agogo baya, ko an canza agogon gaba ɗaya. Na biyun yakan faru a babura, domin agogo yana cikin abubuwan da suka fi fashewa idan babur ya sha ƙasa ta gaba. To ka ga tambayar ta tashi daga "mil nawa ya yi?" ta koma "me ya fasa agogon farko?" Akwai kuma dalilai marasa laifi: mai gwaji ya yi kuskuren lamba ɗaya, ko babur ɗin shigo da shi aka yi daga Japan da agogon kilomita, wata shekara a rubuta kilomita wata a rubuta mil. Kuskuren rubutu yana da alama, shekara ɗaya ce ke fita daga layi sannan lissafi ya koma daidai. Canjin agogo kuwa ba ya komawa.

Sai shawarwari. Tun daga 20 ga Mayu 2018 ake kasa lahani gida uku: mai haɗari, babba, da ƙarami. Biyun farko suna kayar da babur, ƙarami ba ya kayarwa. Ban da su akwai shawarar da mai gwaji ke rubutawa don jan hankali kawai. A nan ake gane halin mai abin hawa. Idan ka ga "sarƙa ta yi sako-sako" sau ɗaya, ba komai ba ne. Idan ka ga "shokazoba ta gaba tana ɗan tsatsafar mai" a 2019, ka sake gani a 2021, a 2022 kuma ita ta kayar da shi, ka san mutum ne da ba ya gyara sai doka ta shaƙe shi. Wanda ya bar abin da ake gani da ido shekara 3, me kake zato ya yi da baƙin mai da ba a gani? Haka nan faɗuwa a kan ƙwan fitila ko hon ba abin damuwa ba ne. Wanda ke tayar mini da hankali shi ne tsatsa a firam, boris ɗin wuyan babur da ke cijewa, da kuma ƙafar gaba da ta baya da ba sa kan layi ɗaya. Wannan na ƙarshen sau da yawa kuskuren ɗaure sarƙa ne, amma wani lokaci firam ne ya lanƙwashe.

Sai giɓi. Babur ba mota ba ne, mutane da yawa a can suna ajiye shi duk lokacin sanyi, wasu su yi masa sanarwar SORN, wato an janye shi daga titi, ya kwana a gareji shekaru. Don haka giɓin wata 5 ko 6 ba laifi ba ne. A 2020 ma an ƙara wa waɗanda gwajinsu ya faɗo tsakanin 30 ga Maris da 31 ga Yuli wata 6 saboda korona, kada wannan ya ruɗe ka. Giɓin shekara 4 kuwa dole a yi maka bayani. Kuma kada ƙarancin mil ya burge ka da yawa. Babur da ya yi mil 200 cikin shekara 5 ba hutawa ya yi ba, ruɓewa ya yi a tsaye: fetur ya daskare a kafireta, robobi sun bushe, birki ya kama, cikin tanki ya yi tsatsa.

Yanzu ga iyakarta. Gwajin MOT ba ya duba lafiyar inji, ba ya duba kulochi, ba ya duba giya. Mai gwaji ba ya kwance komai, abin da ido da hannu suka kai kawai yake gani. Babur na iya cin gwaji da safe inji ya buga da yamma, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Taya ma zurfin zanenta ake aunawa, aƙalla milimita 1 ga babur da ya wuce cc 50, ba shekarunta ba. Sannan tarihin bai san bashi ba, bai san sata ba, bai san hatsari ba.

Ga tsofaffi na sosai akwai wani ramin. Abin hawa da ya wuce shekara 40, in dai ba a yi masa babban sauyi cikin shekara 30 da suka wuce ba, an yafe masa gwajin tun 2018. Ke nan babur ƙirar 1977 zai iya nuna maka tarihi daga 2005 zuwa wajen 2018, daga nan shiru. Rabin rayuwarsa ta farko ba ta cikin kwamfuta, ta bayan nan kuma doka ba ta tambaya.

Hanya ta biyu: binciken da ake biya

Kamfanoni irin su HPI suna sayar da wannan, kuma sunan nasu ne ma ya zama sunan abin a bakin mutane. Farashi yana kamawa daga 'yan fam kaɗan zuwa wajen fam 20, ya danganta da kamfani da zurfin binciken. Minti 5 ya ishe ka. Abin da kake saya abu uku ne da shafin gwamnati ba zai faɗa maka ba: ko akwai bashin kamfanin lamuni a kan babur ɗin, ko 'yan sanda suna da rahoton an sace shi, da ko kamfanin inshora ya taɓa yanke cewa gyaransa bai cancanta ba. A wannan na ƙarshen, rukunin A da B ba su da hurumin komawa titi. Rukunin N ana gyarawa a hau. A tsofaffin bayanai kafin Oktoba 2017 za ka ga C da D, su ma ana gyarawa a hau. A babur, tsadar robobin jiki kaɗai na iya sa inshora ta sallama shi alhali firam lafiya lau, don haka N ba dalilin gudu ba ne, dalilin rage kuɗi ne da ƙara dubawa.

Ka lura da masu arha sosai, wasunsu ba sa haɗawa da binciken bashi, su sayar maka da abin da za ka samu kyauta cikin sabuwar riga. Karanta abin da ke ciki kafin ka biya.

Rauninsa a tsohon babur a fili yake. Mai babur na fam 1,200 da wuya ya sanar da inshora idan ya faɗi. Zai tura shi gida, ya nemo kayan gwanjo ya ɗaura, babu inda aka rubuta. Rahoto zai fito fes. Sannan binciken lamba yake bi, ba ƙarfe ba. Idan ɓarawo ya ɗaura lambar wani babur mai irin ƙira da launi, za a ba ka tarihin babur ɗin kirki ne. Maganin wannan ba ya cin kuɗi: ka durƙusa ka karanta lambar firam da aka buga a wuyan babur, ka gwada ta da ta V5C da ta rahoton, harafi da harafi. A yawancin baburan zamani lambar tana da alamomi 17, amma ta wasu tsofaffin ta fi haka gajarta. In ka ga wurin an goge, ko an yi masa sabon fenti shi kaɗai, ko haruffan ba su daidaita ba, ka miƙe ka kama hanya. Babur ɗin sata idan aka gano shi karɓewa za a yi, kuɗinka kuma sai dai ka bi wanda ka ba.

Hanya ta uku: takardun da ke hannun mai shi

Wannan kyauta ce, amma sai da yardarsa, kuma ingancinta ya dogara da irin mutumin. Tsofaffin takardun MOT na kafin 2005, rasit na gyara, littafin sabis mai hatimi, rasit na taya da sarƙa. Ga babur na shekarun 1980 da 1990 ita kaɗai ce ke cike ramin da intanet ya bari, kuma ita kaɗai ce ke magana a kan inji: yaushe aka duba tazarar bawul, yaushe aka canza man birki, wanda yawancin masu ƙira ke cewa duk shekara 2.

Na taɓa zuwa kallon wani tsohon babur mai cc 600, mai shi ya fito mini da jakar leda cike da takardu, har ina murna. Da na zauna na jera su bisa shekara, sai na ga duk na mai shi na farko ne, kuma sun tsaya cak shekara 7 baya. Daga nan babu ko rasit na baƙin mai. Na duba gefen tayar baya na ga 2314, wato an ƙera ta a mako na 23 na 2014. Zanenta bai ci ba, MOT ya wuce da ita, amma na danna farce ta yi tauri kamar tafin takalmi. Kaurin jaka ba shi ne magana ba, ina takardun suka tsaya.

Takarda ana iya ƙirƙira ta, shi ya sa amfaninta yana cikin gwada ta da tarihin gwamnati. Rasit ya ce an yi sabis a mil 30,000 a watan Yuni, MOT na watan Agusta ya ce 24,000? Ɗaya yana ƙarya. Kuma V5C ba shaidar mallaka ba ce, an ma rubuta haka a jikinta, tana nuna wanda ke riƙe da abin hawa ne kawai. Ka tabbata sunan da adireshin sun dace da mutumin da gidan da kake tsaye. Wanda ya ce ku haɗu a wurin ajiye motoci, takarda kuma "tana hanya", cinikin biri a sama yake so ku yi.

Hanya ta huɗu: sabon gwaji ko bakanike

Abu biyu ne a nan, kada a haɗa su. Na farko, ka ce wa mai shi a kai babur sabon MOT kafin ka biya, a garejin da kai ka zaɓa. Doka ta ƙayyade kuɗin gwajin babur kada ya wuce fam 29.65. Da wannan ɗan kuɗin ka sami idon wanda ba ruwansa da cinikin a kan birki, taya, firam da fitilu. Ga babur da aka yafe wa gwaji ma ana iya kai shi don raɗin kai, kuma ni ba zan sayi irinsa ba sai an kai. Amma fa har yanzu MOT ne, inji yana waje.

Na biyu shi ne ka biya bakanike mai zaman kansa ya je ya duba. Ita ce mafi tsada, domin lokacinsa da tafiyarsa kake biya, yakan fi sauran ukun a haɗe. Ita ce kuma mafi wahalar shiryawa, babur mai kyau da arha ba ya jiran ka daidaita rana da mutum uku. Sai dai ita kaɗai ke jin ƙarar inji. Bakanike zai taɓa inji ya tabbata da sanyinsa kafin a tayar, domin mai wayo yakan ɗumama shi kafin ka iso don ɓoye wahalar tashi. Zai kalli launin hayaƙi, ya auna ƙarfin matsin silinda, ya gwada ko batir yana caji, ya ji ko giya ta biyu tana zamewa. Zai leƙa ƙarshen hannuwa da matakan ƙafa da ƙarfen da ke tare kan babur idan ya juya, inda faɗuwa ke barin tabo. Rauninta ɗaya: yau kawai take gani. Ba ta san bashi ba, ba ta san abin da agogo ya nuna shekara 6 baya ba.

| Hanya | Kuɗi | Sauƙi | Ƙarkon shaida | Abin da ba ta gani |
|---|---|---|---|---|
| Tarihin MOT a intanet | Kyauta | Lambar babur kawai | Tun 2005, mai shi ba ya iya taɓawa | Inji, bashi, sata, hatsari |
| Binciken da ake biya | Zuwa wajen fam 20 | Minti kaɗan | Daidai yake a ranar da aka yi shi | Hatsarin da ba a kai wa inshora ba, lambar bogi |
| Takardun mai shi | Kyauta | Sai ya yarda | Na iya kaiwa ranar ƙira, amma ana ƙirƙira | Duk abin da bai so ka gani ba |
| Sabon MOT | Bai wuce fam 29.65 ba | Sai an kai gareji | Yini ɗaya | Inji, kulochi, giya |
| Bakanike | Mafi tsada | Mafi wahala | Yini ɗaya, amma mai zurfi | Tarihi, bashi, sata |

Wani abu a gefe ga mazauna Landan, tunda babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da zai tunatar da kai: babur da bai kai matakin hayaƙi na Euro 3 ba, galibi waɗanda aka yi wa rajista kafin Yuli 2007, yana biyan fam 12.50 duk ranar da ya hau titi a yankin ULEZ, wato yankin taƙaita hayaƙin ababen hawa, in ban da wanda ya haura shekara 40 aka yi masa rajistar abin hawa na tarihi. Mai zuwa aiki kullum a kan babur na fam 1,200 zai biya kuɗin babur ɗin sau biyu kafin shekara ta zagayo.

Wace ce taka?

Tarihin kyauta ba ya cikin zaɓi, kowa da shi zai fara, tun kafin ya buga wa mai shi waya. Da shi za ka zubar da rabin jerinka ba tare da ka ƙona fetur ba. Mai talla da ya rufe lamba a hoto ba laifi ya yi ba, amma wanda ka tambaya ya hana, ka wuce.

Idan ƙaramin babur mai cc 125 kake nema na zuwa aiki, ɗan shekara 8 ko 10, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, to tarihin kyauta da binciken da ake biya da karanta lambar firam sun isa. Irin waɗannan baburan ne ɓarayi suka fi so, kuma su ne masu koyo suka fi kayarwa, kuɗin bakanike kuwa zai cinye kaso mai yawa na farashin. Ka je da aboki da ya san babur.

Idan babba ne ɗan shekara 10 zuwa 25 daga hannun mutum, ba dila ba, a nan ne bakanike ke biyan kuɗinsa. Sayen hannu da hannu ba shi da kariyar doka sosai, abin da ake buƙata daga mai sayarwa shi ne kada ya siffanta kaya da ƙarya. Gyaran inji mai silinda 4 na iya wuce kuɗin babur ɗin kansa. In bakanike ya fi ƙarfinka, ka tsaya a kan sabon MOT a garejin da ka zaɓa, da takardun da suka kai har bara.

Idan daga dila ne mai rajista, dokar kare mai saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 na mayar da kaya mai lahani, don haka kana iya sassauta wa bakanike. Amma MOT ɗin da dila ya yi a garejinsa ranar da zai sayar, ka gwada shi da na shekarun baya. Shawarwari 5 da suka ɓace dare ɗaya, ka nemi rasit na gyaransu. In ka ga bai kamata a ce ya ci ba, kana da kwana 28 ka kai ƙorafi ga DVSA, hukumar da ke kula da gwajin MOT, wata 3 kuma idan maganar tsatsa ce.

Idan kuwa tsoho ne da ya haura shekara 40, intanet da kamfanin bincike kaɗan za su ba ka. Nauyin yana kan takardu, da gwajin raɗin kai, da bakanike da ya san wannan ƙirar musamman, wanda zai iya gane ko injin da ke ciki nasa ne na asali.

Wanda kuma ke sayen gawa don ya tayar da ita da hannunsa a gareji, tarihin gwaji ba zai ƙara masa komai ba, ya riga ya san komai zai kwance. Shi dai ya tabbata lambar firam ta dace da V5C, kuma ba a neman babur ɗin, kafin ya kashe fam na farko a kan kayan gyara.